Ina jariri zai kwana?

Da iyaye mata suka tattauna batun makwancin jariri, yawancinsu sun bi shawarar ƙungiyar likitocin yara ta Amurka: ɗaki ɗaya da uwa, amma shimfiɗarsa daban, aƙalla wata 6 na farko. A kwantar da shi rigingine kan katifa mai tauri, ba filo, ba tulin zannuwa.

Masu shayarwa da dare sun ce kwantar da jariri a shimfiɗa daban da wuya, kuma gaskiyarsu ce. Amma kada barci ya kwashe ki da shi kan kujerar falo, can numfashinsa ya fi saurin toshewa. Mai shan sigari kada ya kwana gado ɗaya da jariri. Gidan sauro kuwa a soke bakinsa ƙarƙashin katifa, ya nisanci fuskarsa.