Aiki ta hanci ko allurar wata-wata? Masu ƙari a pituitary ku taimaka min

Maman Ilham: Slm 'yan uwa. Maigidana ne, shekaru kenan azurfarsa ta daina shiga yatsa, takalmi daga 42 ya koma 45, haɓa ta turo gaba har haƙora sun yi giɓi, ga minshari ga gumi ko da sanyi. Muna ta maganin hawan jini da suga ashe ba nan gizo ke saƙar ba. MRI ya nuna ƙari a pituitary, ɗan ƙullin nan da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ta bayan hanci, IGF-1 ɗinsa kuma, gwajin jinin da ke nuna yawan homon ɗin girma, ya haura sosai. Likita ya ce acromegaly ne, wato ƙarin na sa homon ɗin girma ya yi yawa a jiki, ya fi son a yi aiki ta hanci don ƙarin ya fara danne jijiyar ido, gefe-gefe ba ya gani, amma akwai allura. Tambayata, bayan aikin homon ɗin suna dawowa daidai ko mutum zai dawwama kan magani?

Abu Sadiq: Allah ya ba shi lafiya. A dage da zuma da habbatus sauda, kar a yi gaggawar taɓa kai.

Hajiyar Gwammaja: Hmm Maman Ilham kin fama min ciwo. Yayana fili muka sayar wani ejan ya kai shi Indiya, aka yi aikin, ya dawo yana fitsari kamar famfo, jarka guda a gefen gadonsa kuma ƙishirwa ba ta yankewa. Suka haɗo shi da hydrocortisone, maganin da ke maye gurbin homon ɗin cortisol, babu wanda ya zaunar da mu ya ce ba a dainawa, da ya ƙare muka ɗauka shikenan, kwana kaɗan sai amai da jiri ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki, wlh mun fidda rai. Ejan ya daina ɗaga waya. Ƙarshe ma ashe ba duka aka cire ba, saura ya maƙale kusa da jijiyar jini, yanzu allura yake duk wata, guda ɗaya ta cinye albashinsa na wata biyu.

Nas Chemist: Hajiya a ina kuke saya haka? Wace allurar ce, octreotide ko lanreotide? Wanda na sani kusan rabin haka yake samu. Shi fitsarin nan yawanci yana wucewa, kafin nan ana ba da desmopressin, maganin rage yawan fitsarin. Akwai kuma cabergoline ƙwaya, ya fi sauƙi amma ba kowa yake wa aiki ba.

Hajiyar Gwammaja: Rabi? To turo mana shagon mana. Faɗa a baki dai.

Abu Sadiq: Mai kemis ma ya zama likitan ƙwaƙwalwa kenan.

Nas Chemist: Ban ce ni likita ba ne malam, amma zuma ba ta janye ƙari daga kan jijiyar ido, idan ganin ya tafi ba lallai ya dawo ba.

Ɗan Kwari: Lamba 45 kam sai dai a kai wa baduku ya auna ƙafa 😂

Ummu Khairat: Ba abin dariya ba ne don Allah. Anti ni an min aikin. Makonnin farko a zaune na yi salla, an hana ni sunkuyawa da fyace hanci. Gumi da ciwon kai suka fara tafiya, yatsuna suka saɓe, amma ƙashi ba ya komawa, fuskata ba ta dawo ta da ba. Sai bayan wata 3 aka sake gwada IGF-1 ya sauko. Al'adata da ta ɗauke ta dawo da kanta, hydrocortisone an janye min a hankali bayan an auna cortisol, amma levothyroxine, maganin da ke maye gurbin homon ɗin thyroid, har yau ina sha. Kowa da yadda nasa ke zuwa, girman ƙarin da hannun mai aikin su ne magana, ku tambaye shi sau nawa ya taɓa yin irinsa.

Hajiyar Gwammaja: Ke kin dace ne kawai. Mu yanzu har maganar gasa sauran ƙarin da na'ura (radiotherapy) ake, wai shi ma sai an yi shekaru kafin a ga amfaninsa. Kuma allurar nan sai a firij, unguwarmu ko wuta sai ta yi kwanaki ba ta leƙo ba, gidan maƙwabci mai sola nake kai wa ajiya.

Ɗan Kwari: Ai mu taransifomarmu tun kafin azumi ta ƙone, an karɓi kuɗi gida-gida har yau shiru.

Abu Sadiq: Ku ma? Nawa aka karɓa a layinku?