Neman shawara: izinin rubutu a sabar makaranta

Mai tambaya: Assalamu alaikum, ƴan uwa. Ina kula da shafin intanet na wata makaranta mai zaman kanta a nan Damagaram, inda iyaye ke ɗora hotunan yara da takardun haihuwa lokacin rajista. Asali aikin yayana ne, shi ya gina shi da yaren kwamfuta na PHP kafin aiki ya kai shi Yamai, kuma mai makarantar aminin mahaifinmu ne tun suna zaune a Birni, saboda haka ba abin da zan iya ajiyewa ba ne, ko da yake har yau ba a yi mini maganar ko dala ba. Da ɗora hoto ya ƙi, sai na sa chmod 777 (umarnin canza izinin fayil) a kan /var/www/html, inda fayilolin shafin suke, gaba ɗaya, aiki ya tafi. Yanzu na tarar da wani fayil mai ƙarewa da .php a dosiyen hotuna, kuma ba ni na sa shi ba. Ga Oktoba ta matso. Don Allah me zan yi?

Malamin Zango: Wa alaikumus salam. Ƙanena, a lambobin izini 4 karatu ne, 2 rubutu, 1 zartarwa, jimlarsu 7, kuma lamba ta uku ta sauran jama'a ce, don haka 777 ya ba kowane asusu da ke cikin na'urar cikakken iko. Ba ka faɗi tsarin da kake kai ba, amma idan Ubuntu ne ko Debian, Apache, manhajar da ke fitar da shafin, yana aiki da asusu mai suna www-data. Ka mayar da mallakar komai ga asusunka, dosiye 755, fayil 644, ka bar wa www-data rubutu a dosiyen hotuna kaɗai, sannan ka hana PHP gudana a cikinsa.

Ɗan Kasuwar Dole: Malam, wannan ya yi tsawo ga wanda lokaci ya ƙure wa. Ni chown -R (umarnin canza mamallaki) nake yi, na miƙa wa www-data komai, sai 755, kuma ban taɓa ganin matsala ba.

Malamin Zango: Rashin ganinta ba ya nufin babu ita. Wanda ya kutso ta shafin, da sunan www-data yake shigowa. Idan www-data ne mamallaki, 7 ɗin farko nasa ne, zai sake rubuta index.php, babban fayil ɗin shafin, yadda ya ga dama. Shawararka da 777 duk kanwar ja ce.

Ƴar Sabon Gari: Ni abin da ya dame ni takardun yaran mutane ne. Bai kamata su zauna ƙarƙashin /var/www/html ba, domin duk wanda ya san adireshin fayil zai iya saukewa. Batun kuɗi kuwa, haka wata ƙungiya ta yi mini, na raba dare ina gyara musu shafi, da aka zo biya aka ce ai taimakon addini ne. Sai mun daina karɓar aikin kunya.

Na Garin Malam: Gyaran izini ba ya korar wanda ya riga ya shiga. Ka sake girka sabar, wato na'urar da shafin ke kai, daga tushe, ka canza kalmar sirrin rumbun bayanai, tunda tana rubuce a fayil ɗin da ya iya karantawa.

Mai tambaya: Na gode, amma ku fahimce ni. Ranar da na sa 777 iyaye suna tsaye a ofis suna jira, kuma ni kaɗai ke da asusu a na'urar. Sake girkawa ba zai yiwu ba, domin ba ni da kwafin aikin yayana. Na dai goge fayil ɗin.

Malamin Zango: Ba kai kaɗai ba ne, ƙanena, www-data ma asusu ne. Ka duba rajistar Apache, wato log ɗin da ke nuna masu shiga shafin, kafin ka goge fayil ɗin?

Mai tambaya: Ban duba ba, Malam. Idan na sa 775 maimakon 777, zai riƙe ni har a gama rajista?