Hon ɗin motata ya daina kuka, daga ina zan fara bincike?

Baban Ummi, Pantami:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana harkar wutar mota. Motata Toyota Corolla ce ƙirar 2006, kuma hon ɗinta ya fara ne da yi yau ya ƙi gobe, har ya kai ga yanzu ko na danna da ƙarfi ba ya cewa komai. Na buɗe akwatin fis da ke cikin bonet, na zaro wanda aka rubuta wa HORN, na ga zarensa bai tsinke ba. Wani mai gyara ya ce in bari ya ja mini waya daga batir ya kafa maɓalli a gefen sitiyari, amma hankalina bai kwanta da hakan ba. Kullum ina ratsa cunkoson Keke Napep na wajen Tashar Dukku, kuma a ƙarshen wata zan yi tafiya Bauchi, ga jami'an kiyaye haɗurra a hanya.

Mai wayarin, Bolari:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka sayi komai tukuna, domin wutar hon gajeriyar hanya take bi, kuma ana iya raba ta biyu da kunne kawai. Idan ka danna tsakiyar sitiyari, ba kai tsaye kake aika wa hon wuta ba. Kana tayar da rile ne, wato wani ɗan makunnin lantarki, shi kuma rilen ya haɗa wutar batir da hon ɗin ta cikin fis. Saboda haka ka sa wani ya zauna yana dannawa, kai kuma ka tsaya a gaban mota ka ɗora yatsa a kan rilen hon. Idan ka ji yana yin ƙyas-ƙyas, to daga sitiyari zuwa rile lafiya lau ne, matsalar tana gaba, wato ko waya ko shi kansa hon ɗin. Idan shiru ka ji, sai a koma baya, a tuhumi rilen ko abin da ke cikin sitiyari.

Game da fis, ido yana yaudara, domin wani yakan tsage a inda ba a gani. Ka sauya shi da sabo mai lamba ɗaya da shi. Launi ma yana nunawa: mai amp 10 ja ne, mai 15 shuɗi, mai 20 rawaya. Kada ka yarda a sa maka wanda ya fi na asali girma, balle a naɗa zaren waya a gurbinsa kamar yadda wasu ke yi a bakin titi, domin ranar da waya ta goge ta taɓa ƙarfe, ita ce za ta ƙone a maimakon fis. Shi kuma rile, ka duba cikin akwatin ko akwai wani irinsa sak, ka musanya su na ɗan lokaci ka gwada.

Gwaji na ƙarshe shi ne a cire soket ɗin hon, a ba shi wuta kai tsaye daga batir da gajeriyar waya. Lafiyayyen batir yana nuna kusan bolt 12.6 a mita idan mota tana kashe. Ina kuma da tambaya: shin fitilar jakar iska, wato jakar da ke buɗewa ta kare direba idan an yi karo, tana kunne a gaban direba?

Direban Gombe zuwa Yola:

Ni a ganina ruwa ne, Alhaji. Hon yana zaune ne a gaban lagireto, inda ruwan sama da na masu wankin mota ke dukansa, kuma a irin waɗannan motocin ta jikin ƙarfen da aka ɗaure shi yake samun negatif. Da zarar tsatsa ta ci wurin notin, sai muryarsa ta dishe, daga baya ya yi shiru. Ka kwance shi, ka goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, ka mayar ka ɗaure sosai.

Baban Ummi, Pantami:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun yi gwajin da yamma ni da ƙanena. Rilen bai yi motsi ba ko da muka musanya shi, amma da muka ba hon ɗin wuta daga batir ya yi kuka da ƙarfi, kuma babu tsatsa a wurin notin. Fitilar jakar iska kuwa tana kunne tun kafin hon ya fara wannan hali. Ƙanena ya kuma lura cewa idan aka murɗa sitiyari hagu har ƙarshe, wani lokaci hon ɗin yakan ɗan yi tari.

Mai wayarin, Bolari:

To, Alhaji, ka kama ɓarawonka. Shawarar ɗan'uwa direba daidai take ga hon da ya dishe, amma naka alamunsa uku duk wuri ɗaya suke nunawa. A bayan sitiyari akwai wani zagayayyen akwatin roba, a cikinsa akwai waya mai faɗi kamar zirin kaset, a naɗe, tana warwarewa tana naɗewa duk lokacin da ka juya mota. Mu a gareji kulok sifirin muke ce mata. Ta cikinta wayar hon da ta jakar iska suke wucewa, kuma idan ta tsufa sai layukanta su riƙa karyewa ɗaya bayan ɗaya. Wannan ne ya sa maɓallin gefe ba magani ba ne: zai ba ka ƙara, amma jakar iskar direba za ta ci gaba da zama ba tabbas ko za ta buɗe idan an yi karo.

Ba a ɗinke kulok sifirin, sauya ta ake yi, kuma ba aikin gida ba ne. Ka tsaya a kan mai gyaran ka ga ya cire kan batir na negatif, ya jira aƙalla daƙiƙa 90 kafin ya taɓa jakar iskar, sannan idan ya ciro ta ya ajiye ta fuskarta na kallon sama. Kada ya kai mita ko fitilar gwaji kan soket ɗin jakar iskar mai launin rawaya. Tayoyin gaba kuma su kasance a miƙe kafin a zare sitiyari. Sabuwar kulok sifirin takan zo da ɗan makulli na roba da ke riƙe ta a tsakiya, ba a cire shi sai an gama ɗaurawa. Idan kuwa ta hannu ka samu, wataƙila an riga an juya ta a shago, don haka sai a murɗa ta a hankali har ta tsaya, a dawo da ita kimanin zagaye biyu da rabi har alamomin jikinta su haɗu, in ba haka ba za ta tsinke a kwanar farko da ka sha. Bayan an mayar da batir, ka kunna mota ka tabbatar fitilar jakar iska ta kama na 'yan daƙiƙu ta mutu da kanta. Idan ta ƙi mutuwa, sai a sa wa motar na'urar bincike kafin ka kama hanyar Bauchi.