Abin da aka tattauna kan saurayin da ya fara shakkar samuwar Allah

'Yan'uwa, na tattara abin da aka faɗa kan yadda za a yi da wannan saurayin da kuma yadda za a amsa shakkarsa.

1. Kusan kowa ya yarda kada a zage shi ko a kore shi daga gida. An kawo hadisin Muslim inda sahabbai suka koka da waswasi, Annabi (SAW) ya ce wannan shi ne tsantsar imani.

2. Hujjar samuwar Allah da aka fi maimaitawa ita ce ta Imam Gazali: duk abin da ya fara samuwa akwai mai samar da shi, duniya kuwa ta fara. Wasu sun haɗa da aya ta 35 a Suratuɗ Ɗur, wadda ke tambaya ko an halicce su ne ba daga komai ba, ko su ne masu halittar.

3. Masu shakka sun tsaya kan wahala: yaron da 'yan bindiga suka kashe a Zamfara, laifin me ya yi? Wasu suka ce jarrabawa ce, sakayya tana lahira. Wasu suka ce ɗan'adam aka ba zaɓi, shi ya yi zaluncin. Nan aka fi daɗewa, kuma gaskiya ni ma tambayar ta taɓa ni.

4. An rabu kan ko ya dace a yi muhawara da saurayin a Facebook. Dattawa sun fi son a kai shi wurin malami mai haƙuri, su zauna su biyu.