Wai me ke faruwa da kiristocin Pakistan ne kan maganar ɓatanci?

Ɗan Fagge:
Salam jama'a. Jiya na ci karo da wani tsohon bidiyo na garin Jaranwala a Pakistan, ranar 16 ga Agustan 2023, mutane sun fito da sanduna suna cinna wa coci-coci wuta, an ce sama da ashirin aka ƙona har da gidajen kiristoci, wai saboda an tsinci shafukan Alƙur'ani a yage kusa da unguwarsu. Tambayata, Pakistan ɗin ba tana da dokar ɓatanci ba? To in akwai doka me ya kawo ɗaukar doka a hannu? Masu sani a taimaka don Allah.

Abu Hanan:
Wa alaikassalam. Dokar kam akwai ta, sashe na 295-C, zamanin Janar Ziya'ul Haƙ aka saka shi a 1986, hukuncinsa kisa ne ga wanda ya taɓa mutuncin Annabi SAW. Amma ka san wani abu? Har yau gwamnatin ba ta taɓa zartar wa kowa kisa a kan dokar ba, a titi ake kashe mutane. Kuma matsalar ita ce zargi kawai ya isa, kana rigimar fili da maƙwabcinka ko kana binsa bashi sai ya je ya ce ka yi ɓatanci, shikenan ka shiga uku, alƙali ma tsoro yake ji. 'Yan'uwa biyu kiristoci da aka zarga da ɓata Alƙur'anin a Jaranwala kotu ta wanke su a 2024, ashe sharri aka ƙulla musu. To wa zai biya gidajen?

Maman Ilham:
Ni labarin Asiya Bibi ne ya tsaya min a rai wlh. Mace mai aikin gona, 2009 ana tsinkar 'ya'yan itace a rana ta ɗebo ruwa ta sha, matan da suke tare suka ce ba za su sha a kofin da kirista ta sa baki ba, cacar baki ta kaure, bayan 'yan kwanaki aka ce ta yi zagi. 2010 aka yanke mata kisa, ta yi wajen shekara takwas tana jiran igiya kafin kotun ƙoli ta sake ta a 2018 don shaidun sai tufka da warwara suke. Ƙarshe Kanada ta gudu. Gwamnan Punjab Salman Taseer da ya tsaya mata, musulmi ne fa, dogarinsa ne ya harbe shi a Janairun 2011, watan Maris kuma aka kashe minista Shahbaz Bhatti shi kirista.

Bn Usman:
Ku dai bi a hankali, kar a mayar da abin kamar taɓa Annabi wasa ne. Mu ba mu da wanda ya fi shi.

Abu Hanan:
Malam ba wanda ya ce wasa ne, duk nan masoyansa ne. Amma wanda ya yaga Alƙur'ani da hannunsa ya jefa a ƙofar gidan wani don a kashe shi, tsakaninsa da wanda aka ƙona wa gida waye ya yi ɓatancin? Kuma ba kiristoci kaɗai abin ke ci ba, Mashal Khan ɗalibi ne musulmi, 'yan jami'arsu suka kashe shi a Mardan 2017, bincike ya zo bai samu hujjar komai ba.

Ɗan Fagge:
Hmm. Ni yanzu Sakkwato ce ma ta faɗo min, Deborah a kwalejin Shehu Shagari 2022, Sarkin Musulmi da kansa ya yi tir da kisan, shekara na zagayowa kuma aka kashe Usman Buda mahauci, shi musulmi ne. Maman Ilham shi dogarin nan da ya harbe gwamna me aka yi masa?

Maman Ilham:
Mumtaz Ƙadri sunansa, an rataye shi a Fabrairun 2016. Dubban mutane suka je jana'izarsa, yanzu haka kabarinsa a kusa da Islamabad ziyara ake kai masa.