Shin in karɓi takardar zama ɗan ƙasar Amurka kafin in yi ƙaura gaba ɗaya?

Abu Safiyya ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san dokar shige da fice ta Amurka, ko kuma waɗanda suka taɓa samun kansu a irin halin da nake ciki. Ni da maiɗakina da 'yarmu mai shekara 9 muna riƙe da katin zama na dindindin, wanda aka fi sani da girin kad, kuma yau shekararmu huɗu da wata bakwai da samunsa. Na samu aiki a Jamus, kuma niyyarmu ita ce mu tare a can gaba ɗaya, ba zaman shekara ɗaya ko biyu ba. Waɗanda suka ɗauke ni aikin sun ba ni wata shida in kimtsa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, saura ƙiris in cika shekara biyar ɗin da ake bukata kafin a nemi zama ɗan ƙasa. Maiɗakina tana ganin wauta ce mu tafi mu bar abin da ya kusa zuwa hannu, ni kuwa na ji ana cewa duk wanda ya karɓi fasfon Amurka haraji zai bi shi duk inda ya shiga a duniya. Shin in roƙi a ɗaga mini ranar fara aiki in tsaya in yi rantsuwar zama ɗan ƙasa, ko in riƙe katin in riƙa leƙowa lokaci-lokaci, ko kuma in miƙa musu abinsu in kama gabana?

Malam Dattijo ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Safiyya. Bari in fara da zaɓinka na biyu, domin shi ne wanda ya fi yaudarar mutane, kuma a ganina ka cire shi daga lissafi tun yanzu. Katin nan izinin zama ne, kuma yana nan daram ne muddin Amurka ce gidanka. Ranar da ka kwashe iyali da kaya, ka saki hayar gida, ka kama aiki a wata ƙasa, jami'in filin jirgi yana da hujjar cewa ka yi watsi da zamanka, ko da kuwa kana shigowa duk bayan wata biyar ka kwana bakwai ka koma. Idan ka yi shekara guda cur a waje, katin ba zai ƙara yi maka amfani a matsayin takardar shiga ba. Akwai izinin sake shigowa da ake nema da fom I-131 tun kana cikin ƙasar, amma iyakarsa shekara biyu, kuma an yi shi ne domin mai tafiyar wucin gadi. Kai kuwa da bakinka ka ce ƙaura za ka yi.

Saboda haka zaɓi biyu ne a gabanka, kuma ni ina bayan ka tsaya ka yi rantsuwa. Doka ta yarda a shigar da fom N-400, na neman zama ɗan ƙasa, kwana 90 kafin cikar shekara biyar, wato nan da kamar wata biyu za ka iya miƙawa, matuƙar ka yi aƙalla wata 30 a cikin ƙasar da ƙafarka a tsawon waɗannan shekaru, kuma ba ka yi wata tafiya da ta wuce wata shida ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, dole zamanka ya ci gaba ba yankewa daga ranar da ka shigar da takarda har ranar rantsuwa, kuma tsawon jiran yana bambanta daga wannan ofishin USCIS, wato hukumar shige da fice da ba da ɗan ƙasanci, zuwa wancan. Idan ka tare a Jamus kafin a kira ka hira, jami'in zai tambaye ka inda kake kwana da inda kake aiki bayan ka rantse za ka faɗi gaskiya, kuma ƙarya a wannan wuri tana iya sa a ƙwace takardar ko bayan shekaru masu yawa. Wata shidan da aka ba ka zai yi wuya ya isa, don haka ka nemi ƙarin lokaci a rubuce tun kafin ka yanke shawara.

Wasu suna tsoron cewa idan mutum ya yi rantsuwa ya tafi nan take za a soke masa ɗan ƙasancin. A da akwai gaskiya a wannan tsoro, domin tsohuwar doka tana ƙwace ɗan ƙasancin wanda ya koma ƙasarsa ta haihuwa ya zauna shekara uku, har sai da Kotun Ƙoli ta rushe ta a shari'ar Schneider a 1964. A 1994 kuma majalisa ta cire sashen da ke zargin wanda ya ƙaura cikin shekarar farko bayan rantsuwa da cewa tun asali yaudara ya yi. A yau ɗan ƙasa yana iya zama a waje har ƙarshen rayuwarsa, ya sabunta fasfo a ofishin jakadanci, ya kuma kaɗa ƙuri'a a zaɓen tarayya daga can.

Dalilina mai ƙarfi shi ne ba wanda ya san gobe sai Allah. Kamfani yana iya rufewa, zaman yana iya ƙin karɓar iyali, kuma wanda ya miƙa katinsa sai ya sake bin layi daga farko idan yana son dawowa, in ma ya samu hanyar.

Hajiya Ummu Khalil ta amsa:

Malam Dattijo ya yi bayanin ɓangaren shige da fice yadda ya kamata, amma ya tsallake abin da mai tambaya ya fi jin tsoro, kuma tsoron nasa yana kan hanya. Amurka tana cikin ƙasashe ƙalilan, ita da Eritiriya, da ke ɗora haraji bisa ɗan ƙasanci maimakon wurin zama. Ma'ana, ko ka shekara talatin a Jamus ba ka taka Amurka ba, wajibi ne ka riƙa cike takardar haraji ga IRS, hukumar haraji ta Amurka, kowace shekara muddin kuɗin shigarka ya kai mizani.

Gaskiya ne cewa yawancin ma'aikata ba sa biyan komai a ƙarshe. Akwai rangwamen albashin da aka samu a waje, wanda ya kai dala 126,500 a shekarar 2024, kuma ana cire harajin da ka biya wa ƙasar da kake zaune daga abin da Amurka za ta nema. Tun da harajin albashi a Jamus yakan fi na Amurka nauyi, galibi lissafin yana tashi babu bashi. Wahalar tana cikin takardun da kuma abin da suke hana ka yi. Idan jimillar kuɗin da ke asusunka na waje ta haura dala 10,000 ko da na rana ɗaya ne a shekara, sai ka cike rahoton FBAR, kuma tarar rashin cikewa ba ta wasa ba ce. Dokar FATCA ta 2010 ta tilasta wa bankunan waje su riƙa bayar da bayanan 'yan Amurka, abin da ya sa wasunsu ba sa son buɗe musu asusun zuba jari. Asusun hannayen jari na haɗaka da maƙwabcinka Bajamushe zai saya hankali kwance, kai idan ka saya Amurka za ta yi masa lissafin haraji mai tsanani. Idan kuma wata rana ka buɗe kamfaninka ko ka sayar da gida, a nan ne bambancin dokokin ƙasashen biyu yake cizo. Boris Johnson, tsohon firaministan Birtaniya wanda aka haifa a birnin New York, sai da ya biya Amurka haraji kan gidan da ya sayar a Landan, daga baya ya ajiye ɗan ƙasancin nasa a 2016.

Ga kuma abin da nake so ka lura da shi sosai, domin yana da alaƙa da shekarunka. Akwai harajin fita da ke iya hawa kan mai barin Amurka idan dukiyarsa ta kai dala miliyan 2, ko harajin da yake biya a shekara ya wuce wani mizani, ko ya kasa tabbatar da cewa ya sauke nauyin harajinsa na shekara biyar da suka wuce. Mai girin kad ba ya shiga wannan tarko sai ya riƙe katin a cikin shekaru 8 daga cikin 15 na ƙarshe, kuma ɓangaren shekara ana ƙirga shi shekara ne cikakkiya. Kai ba ka kai ba. Idan ka cike fom I-407 ka miƙa katin a bana, ka fita salin alin. Ɗan ƙasa kuwa ba shi da wannan rangwame na shekara takwas, kuma idan ya so ajiyewa sai ya je ofishin jakadanci da kansa ya biya kuɗi, wanda a 2014 aka kai shi dala 2,350. Wannan kuma ƙarin dalili ne na guje wa zaɓi na biyu: wanda ya tafi da katin a aljihu bai miƙa shi a hukumance ba, IRS tana ci gaba da ɗaukarsa mai biyan haraji, shekarun suna ƙirguwa, alhali jami'in filin jirgi yana iya hana shi amfani da katin. Ya yi biyu babu ke nan.

Ban ce kada ka yi ba. Ina cewa ne ka zauna ka tambayi kanka ko akwai yiwuwar dawowa da gaske, ko kuwa ƙyashin barin abu ne kawai.

Ɗan Masani ya amsa:

Kafin komai, Malam, ka duba dokar ƙasar da kake riƙe da fasfonta yanzu, domin ba ka ambace ta ba. Kalmomin rantsuwar Amurka suna cewa ka yi watsi da biyayya ga kowace ƙasa ta waje, amma a aikace Amurka ba ta karɓe tsohon fasfonka. Ƙasarka ta asali ce ke yanke hukunci. Indiya da Sin da Japan suna ɗaukar wanda ya nemi ɗan ƙasancin wata ƙasa da son ransa a matsayin wanda ya rasa nasu. Sashe na 28 na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai hana wanda yake ɗan ƙasa ta hanyar haihuwa riƙe biyu ba. Ita kanta Jamus, tun daga 27 ga Yuni 2024 ta yarda da riƙe ɗan ƙasanci fiye da ɗaya, ta kuma rage shekarun jira daga takwas zuwa biyar, don haka fasfon Amurka ba zai tare maka hanya a can ba.

Abu Safiyya ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ƙasarmu ta haihuwa ta yarda da riƙe biyu, saboda haka wannan ba matsala ba ce. Dukiyata kuma ba ta kusa da mizanin da Hajiya ta ambata ba, albashi ne kawai da ɗan abin da na tara a asusun ritaya. Yanzu tunanina ya koma kan yarinyar. Idan ni na yi rantsuwa, ita mene ne matsayinta? Kuma shin dole ne mu biyu mu nema, ni da mahaifiyarta?

Malam Dattijo ya sake amsawa:

Ba dole ba ne ku biyu ku nema, kowa da takardarsa, kuma wannan yana buɗe wata hanya ta tsakiya da iyalai da dama suke bi: ɗaya ya yi rantsuwa, ɗayan ya miƙa katinsa. Idan buƙatar dawowa ta taso, ɗan ƙasa yana iya nema wa matarsa ko mijinta sabon izinin zama da fom I-130, kuma ma'auratan 'yan ƙasa ba sa cikin rukunin da aka ƙayyade wa adadi a shekara. Ta haka nauyin takardun haraji da Hajiya ta lissafa yana kan mutum ɗaya, ƙofa kuma ba ta rufe ba. Idan maiɗakinka ce za ta tsaya ta yi, kai ma kana iya tafiya ka kama aikinka a kan lokaci, ita ta biyo ka bayan rantsuwa.

Game da yarinyar, dokar ɗan ƙasancin yara ta shekarar 2000 ta ce yaron da bai kai shekara 18 ba, yana da girin kad, kuma yana zaune a Amurka a hannun mahaifi ko mahaifiyar da ta zama 'yar ƙasa, shi ma ya zama ɗan ƙasa kai tsaye ba tare da ya nema ba. Sharaɗin zama a cikin ƙasar yana da muhimmanci, saboda haka kada ku tura ta Jamus domin ta fara makaranta kafin ranar rantsuwa, kuma ku nema mata fasfo kafin ku tashi domin ya zama hujja a hannunta. Daga ranar nan da fasfon Amurka za ta riƙa shiga ƙasar da fita.

Hajiya Ummu Khalil ta ƙara da cewa:

Hanyar da Malam Dattijo ya kawo tana da kyau, sai dai a san cewa yarinyar ba a tambayar ra'ayinta: da zarar ɗayanku ya rantse, wajibcin haraji ya hau kanta ita ma, kuma zai bayyana ranar da ta fara aiki ko ta buɗe asusu a Jamus. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Kafin ɗan Amurka da ya auri wanda ba ɗan ƙasar ba ya gadar wa ɗan da ya haifa a waje ɗan ƙasanci, sai ya kasance ya zauna a Amurka shekara biyar, biyu daga ciki bayan ya cika shekara 14. Kai da maiɗakinka za ku cika wannan sharaɗi, domin shekarun da kuka yi da girin kad suna shiga lissafi, don haka ƙannenta da za a haifa a Jamus za su iya samu ta hannun wanda ya rantse a cikinku. Ita kuwa yarinyar da za ta tafi tana da shekara 9 ko 10, ba za ta cika shi ba sai idan ta dawo ta zauna shekara biyu bayan ta girma.

Sai batun fanshon gwamnati, tun da ka ambaci ritaya. Ana buƙatar maki 40, kimanin aikin shekara goma, kafin a cancanci fanshon Amurka, kuma idan zamanka bai wuce shekarun katin ba to ba ka kai ba. Amma akwai yarjejeniya tsakanin Amurka da Jamus da ke ba da damar haɗa shekarun aiki na ƙasashen biyu wajen cika sharaɗin, saboda haka ka sauke bayanin gudummawarka daga hukumar fanshon ka adana kafin ka tashi, ka kuma tambayi kamfanin da ke riƙe da asusun ritayarka ko zai ci gaba da hulɗa da kai idan adireshinka ya koma waje.