Me ya sa Euler ya duba 641?

Assalamu alaikum malaman lissafi. Ina koyarwa a wata sakandare a Tudun Wada, Zariya, kuma wata lamba ta tsaya mini a wuya: 4,294,967,297, wato 2 guda 32 a ninka su da juna, a ƙara 1. Masanin lissafi Fermat ya ɗauka ba ta rabuwa sai da 1 da kanta. A 1732 wani masanin lissafi, Euler, ya nuna cewa 641 sau 6,700,417 ce. Na buga a kalkuleta, ya fita daidai.

Matsalar ita ce, an ce duk abin da zai raba ta, in aka cire masa 1, sai 64 ta raba shi. 641 kuwa 640 ce da 1. Daga ina wannan 64 ɗin ta fito? Don Allah a warware mini yadda ɗan aji shida zai gane, sun tsare ni da tambaya.